Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta: Yadda Za Mu Kiyaye Shi Don Ya Ceci Masu Ciwo Mai Tsanani

 Mu ma'aikatan sashen lafiya muna so mu amsa wata tambaya da ake yawan yi mana a tagar karɓar magani: "Na kawo yaro yana mura da tari, me ya sa ba a ba mu kafso ba?" Mun san wasu suna komawa gida rai a ɓace, suna ganin an yi musu rowa, ko kuma magani ya ƙare ana ɓoye musu. Daga nan sai a biya kasuwa a sayi ja da yalo ko Ampiclox wurin mai talla.

Ba rowa ba ce. Dalilinmu yana da alaƙa da mutanen da ake kawo mana rai a hannun Allah: jariri ɗan kwana uku da ya daina kama nono, mai jego da zazzaɓi ya kayar, dattijo da numfashi ya gagara. Waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar maganin ya yi aiki, kuma su ne farkon waɗanda ke cutuwa idan ya daina aiki. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan bayani.

Wane magani muke nufi?

Muna nufin magungunan da likitoci ke kira antibayotik. A cikinsu akwai amoksisilin, da ampisilin, da tetarasaikilin wanda aka fi sani da ja da yalo, da Flagyl, da Septrin, da alluran jentamaisin da seftiriyazon. Aikinsu ɗaya ne: kashe wani jinsin ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, ko hana su hayayyafa. Bakteriya ce ke kawo taifot, da kwalara, da tarin fuka, da yawancin ciwon mafitsara, da ruɓar gyambo, da nau'in sanƙarau da ke ɓarkewa a yankinmu lokacin zafi, da wani kaso na ciwon huhu.

Akwai kuma wani jinsin daban da ake kira bairos. Shi ne ke kawo mura, da ƙyanda, da yawancin tari da ciwon maƙogwaro, da yawancin gudawar yara. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Mai mura da ya sha kafso ya warke bayan mako guda, da bai sha ba ma a mako gudan zai warke, domin jikinsa ne ya yi aikin. Zazzaɓin cizon sauro shi ma hanyarsa daban, maganinsa daban. Shi ya sa muke fara yin gwajin jini a yatsa kafin mu ba da komai.

Yadda ƙwayar cuta ke bijire wa magani

Manoma a cikinmu sun san wannan abu a gona. Za a yi shekaru ana fesa wa wake magani iri ɗaya yana kashe ƙwari, sai a wayi gari an fesa amma ƙwarin na nan suna ci. A kowane feshi wasu 'yan kaɗan masu taurin rai suna tsira, su ne ke hayayyafa, har gonar ta koma tasu. Manya kuma za su tuna kulorokwin. A da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida, amma a hankali ya daina aiki, har ƙasashen yankin nan suka sauya shi da wasu magunguna kimanin shekaru 20 da suka wuce.

Haka yake faruwa da bakteriya, amma da sauri fiye da haka, domin wasu nau'o'inta suna iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan sun samu wurin da ya yi musu. A hanjin kowane ɗayanmu, da fatarsa, da hancinsa, akwai bakteriya da ba ta ƙirguwa, yawancinta ba ta cutarwa, wata ma tana taimakon jiki. Duk lokacin da mutum ya sha antibayotik, ko yana buƙata ko ba ya buƙata, maganin yana kashe masu rauni a cikinsu ya bar masu tauri. Masu taurin sai su samu fili su yaɗu. Har ma suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan dabara ta tsira, kamar yadda ake ba maƙwabci iri.

A nan akwai kuskuren da ya kamata mu gyara. Mutane kan ce, "Jikina ya saba da maganin." Ƙwayar cutar ce ta saba da shi, kuma ƙwayar cuta ba ta zama a jikin mutum ɗaya. Tana fita ta bayan gida, ta hau hannu, ta shiga ruwa da abinci, ta koma jikin wani. Saboda haka jaririn da bai taɓa shan magani ba a rayuwarsa yana iya kamuwa da ƙwayar da magunguna uku ko huɗu ba sa kashewa. A wuri irin namu, inda gidaje da yawa ke tarayya a famfo ɗaya da ban-ɗaki ɗaya, wannan yaɗuwa ta fi sauƙi.

Masana sun daɗe da sanin haka. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a birnin Landan a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su tsira daga gare shi.

Girman matsalar

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya duba ƙasashe da yankuna 204. Ya gano cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ƙanjamau ko zazzaɓin cizon sauro suka kashe a wannan shekarar. Kusan ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kuma inda abin ya fi tsanani a duk duniya shi ne yammacin Afirka, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Wato wannan matsala tamu ce, a ƙofarmu take.

Abin da ke faruwa a ɗakin masu ciwo mai tsanani

Idan bakteriya ta fi ƙarfin jiki, takan tashi daga inda ta fara, ko huhu ne, ko mahaifa, ko cibiyar jariri, ko gyambo, ta shiga jini. Jiki sai ya tashi yaƙi da ita da dukan ƙarfinsa, har yaƙin ya fara lalata sassan jikin kansa. Ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta rage fitar da fitsari, numfashi ya yi sauri, hankali ya fara gushewa. Likitoci suna kiran wannan hali sefsis, a Hausa ana cewa ƙwayar cuta ta shiga jini. An ƙiyasta cewa a 2017 ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya.

Mai irin wannan hali ba ya da lokacin jira. Idan jikinsa ya riga ya fara sanyi kuma bugun jininsa ya faɗi, ana so a fara yi masa allurar antibayotik ta jijiya cikin awa ɗaya. To amma a wannan awar likita bai san ainihin ƙwayar da ke jikin ba. Don a sani, sai an ɗebi jini ko fitsari ko mugunya an kai ɗakin gwaji, an reni ƙwayar har ta tsiro, sannan a gwada mata magunguna ɗaya bayan ɗaya a ga wanda zai kashe ta. Wannan aiki yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, kuma ba kowane asibiti ne ke da kayan yin sa ba. Don haka likita yana fara ba da maganin da aka san ya saba kashe irin ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwo. Ga jariri, alal misali, akan fara da ampisilin haɗe da jentamaisin.

Idan ƙwayar mai jin magani ce, cikin kwana ɗaya ko biyu za a ga sauƙi: zazzaɓi ya sauka, jariri ya nemi nono. Idan kuwa mai bijirewa ce, ana yin allura a kan kari amma ciwo na ci gaba, kamar ba a yi komai ba. Kafin a gane a canza magani, kwana biyu sun wuce. Mai ƙaramin ciwo zai iya jure asarar kwana biyu. Jariri mai nauyin kilo biyu, ko yaro mai tamowa, ko matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, sau da yawa ba sa iyawa.

Maganin da za a koma masa kuma ba ya samuwa a ko'ina. Yana da tsada, yawanci sai a babban asibiti, sai an ɗauki majinyaci a mota an yi tafiya mai nisa da shi a halin da yake ciki. Wasu magungunan ƙarshe suna da tasu illar. Akwai wani tsohon magani mai suna kolistin da likitoci suka ajiye shekaru da yawa saboda yana taɓa ƙoda, amma yanzu an koma amfani da shi domin wasu ƙwayoyin babu abin da ke kashe su sai shi. A 2015 kuma masu bincike a ƙasar Sin suka gano bakteriyar da ke bijire masa shi ma, a jikin aladu da mutane.

Akwai ƙarin dalilin da ya sa mai ciwo mai tsanani ya fi shiga haɗari. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Allurar ƙarin ruwa da aka bari a hannu, da robar fitsari, da robar da ake zura wa a hanci don ba da abinci, da wurin da aka yi tiyata, da ƙuna, da raunin harbi, duk ƙofofi ne. Ana sa waɗannan kaya don ceton rai, amma kowannensu hanya ce da ƙwayar cuta za ta iya bi. Kuma ƙwayoyin da ke zaune a ɗakunan jinya, a ko'ina a duniya, sun fi na gida taurin kai, domin kullum suna haɗuwa da magani.

Me ya sa ba ma fara wa da "mai ƙarfi"?

Wasu kan ce mana, "Ku yi masa allura mai ƙarfi kawai." Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku. Kashi na farko su ne na yau da kullum, irin su amoksisilin, waɗanda ke maganin yawancin ciwuka kuma ba su cika haifar da bijirewa da sauri ba. Kashi na biyu su ne waɗanda ake sa wa ido, irin su seftiriyazon, ana ba da su ga wasu ciwuka ƙayyadaddu kamar sanƙarau. Kashi na uku na ajiya ne, ba a taɓa su sai komai ya gaza. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba 2024, ƙasashe sun amince cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik ɗin da mutane ke amfani da shi ya kasance daga kashin farko, kuma a rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Magidanci ba ya buɗe rumbun iri ya ci don kawai yau yana sha'awar tuwo mai yawa. In ya ci, da damina ba shi da abin shukawa. Idan muka yi wa kowane mai zazzaɓi allurar seftiriyazon, ranar da aka kawo yaro wuyansa ya sanƙare za mu iya tarar da ta daina aiki. Shi ya sa kuma za ku ga likita ya fara da wani magani, bayan sakamakon gwaji ya fito ya mayar da majinyaci kan wanda ya fi sauƙi, ko ya cire allura ya koma ƙwaya da zarar majinyaci ya fara cin abinci. Wannan alama ce ta samun sauƙi, kada ku ɗauka an yi sakaci da ɗan'uwanku. Ga wanda ke iya haɗiya, ƙwayar da ta dace tana yin aikin da allura ke yi.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Duk wannan bayani ba yana nufin a ji tsoron antibayotik ba ne. Yara da yawa a yankinmu suna mutuwa ne saboda ba su samu maganin a kan lokaci ba. Abin da muke so shi ne mai buƙata ya samu da wuri, kuma ya samu wanda ya dace. Ku garzayo asibitin sansani, ko dare ko rana, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi fiye da kima, ba ya motsi sai an taɓa shi, yana numfashi da sauri, yana jijjiga, ko cibiyarsa ta yi ja tana fitar da mugunya.

Ga yaro: ya kasa sha ko tsotso, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga, barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa sosai, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko akwai jini a kashinsa. Wakilan lafiya na unguwa suna ƙirga numfashi a minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu.

Ga mai ciki ko mai jego: zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari da ke fita bayan haihuwa ko ɓari.

Ga kowa: zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, ruɗewar hankali, rashin fitsari tun safe har dare, hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali jiki na ciwo, ko gyambon da kumburinsa da jansa ke ƙara faɗi.

Mun sha ganin an yi kwana uku ko huɗu ana gwada kafso na kasuwa a gida kafin a kawo majinyaci. Waɗannan kwanakin su ne mafi tsada a cikin jinyar.

Ku faɗa mana abin da aka riga aka sha

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Idan kun kawo mara lafiya, za mu tambaye ku ko an ba shi wani magani. Ku faɗi gaskiya, ba za mu yi muku faɗa ba, kuma ba za a hana ku komai ba saboda haka. Ku zo da kwalin, ko ledar, ko ragowar ƙwayar, har da na gargajiya. Ku faɗa mana kwana nawa aka yi ana sha, ko an yi allura, da kuma ko majinyacin ya kwanta a wani asibiti a 'yan watannin nan.

Wannan bayani yana canza shawarar likita. Wanda ya sha amoksisilin kwana huɗu bai samu sauƙi ba, ba za a sake ba shi irinsa a ɓata lokaci ba. Haka kuma maganin da aka sha a gida yana iya hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji, sakamako ya fito kamar babu komai alhali ciwon na nan. Idan mun sani, za mu karanta sakamakon da wannan a zuciya.

Idan kuna jinyar ɗan'uwa a asibiti

Mai jinya yana da babban aiki wajen kare majinyaci. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi, kafin ku ba shi abinci, da bayan kun zubar da fitsari ko kashinsa. Kada ku taɓa wurin allurar ƙarin ruwa, kada ku kwance bandeji don dubawa, kuma jakar fitsari ta kasance ƙasa da majinyaci amma ba a kan daɓe ba. Idan kun ga wurin allurar ya kumbura ko ya yi ja, ku kira ma'aikaciyar jinya nan take. Kuna da damar tambayar likita kowace safiya ko har yanzu ana buƙatar robar da ke jikinsa, domin cire ta da wuri yana rage haɗari. Kuna da damar tuna wa kowane ma'aikaci, har da mu, ya wanke hannu kafin ya taɓa ɗan'uwanku.

Mun san dubiya hakki ce, kuma zumunci ne ya riƙe mu a wannan zama. Amma a ɗakin jarirai da na masu ciwo mai tsanani muna taƙaita masu shiga. Idan aka ware wa wani majinyaci gadonsa daban, ko kuka ga ma'aikata sun sa safar hannu da riga ta musamman, an yi haka don kada ƙwayar ta tsallaka gadon kusa. Ba abin kunya ba ne gare shi ko ga iyalinsa. Kada kuma a kawo magani daga waje a ba shi a ɓoye.

Idan an rubuta muku magani ku tafi gida

Ku sha yadda aka ce, a lokutan da aka ce, har kwanakin da aka ce su cika. Jin sauƙi a kwana na biyu ba ya nufin ƙwayar ta ƙare. Sau uku a rana yana nufin safe, da rana, da dare, a bar tazara tsakani. Mai azumi ya faɗa mana tun kafin a rubuta, mu duba yadda za a yi.

Kada a raba maganin yaro ɗaya ga yara biyu. Ana auna shi ne da nauyin wanda aka duba, idan aka raba babu wanda ya samu abin da zai warkar da shi. Kada a ajiye ragowa don wani ciwo na gaba, kada a ba maƙwabciya. Maganin ruwa na yara a haɗa shi da tsabtataccen ruwa daidai layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin a ba da shi, a ajiye a inuwa mai sanyi.

Idan kwana biyu sun wuce babu sauƙi, ko ciwon ya ƙaru, ko yaro na amayar da maganin, ku dawo. Idan fuska ta kumbura, ko ƙuraje sun feso, ko numfashi ya yi wuya bayan shan magani, ku dakata ku zo nan take.

Yaran da ke cikin shirin tamowa mai tsanani ana ba su amoksisilin ko da ba a ga alamar ciwo ba, domin jikinsu ba ya nuna zazzaɓi yadda na sauran yara ke yi. Wannan nasu ne su kaɗai, a ba su duka. Masu tarin fuka kuma maganinsu yawanci na wata 6 ne, kuma yankewa a tsakiya na daga cikin manyan hanyoyin da ake samun tarin fuka mai bijire wa magani. Duk wanda zai koma gida, ko zai sauya wurin zama, ya zo ya karɓi takardar turawa da maganin da zai kai shi, don ya ci gaba a inda ya sauka.

Ga gudawar yara da babu jini a ciki, maganinta ruwan gishiri da sukari ne na leda, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. Flagyl da ja da yalo ba sa tsayar da irin wannan gudawa.

Maganin talla da na dabbobi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kimanin ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. Wanda ya wuni a tire cikin rana, ko na gaske ne, zafi na iya rage masa ƙarfi. Magani mai rabin ƙarfi ba ya kashe ƙwayar cuta, horar da ita yake yi. Mai talla kuma yana sayar da gwargwadon kuɗin da ke hannunka, ƙwaya biyu ko uku, bai duba majinyaci ba, bai auna shi ba.

Muna roƙo a bar wasu al'adu da suka zama ruwan dare: ɗiga wa sabon jariri Ampiclox da sunan wanke masa ciki, fasa kafso a barbaɗa a kan gyambo ko cibiya, da shan kafso bayan al'ada ko bayan aikin wahala. Ja da yalo yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8, kuma bai dace da mai ciki ba. Jentamaisin da aka yi ba bisa awo ba yana iya kurmantar da yaro ko ya taɓa masa ƙoda. Allurar da aka yi a gida ko a kasuwa tana iya jawo ƙurji, ko shanyewar ƙafa, ko ciwon hanta idan an maimaita sirinji.

Masu dabbobi su ma abin ya shafe su, domin magungunan da ake yi wa shanu da awaki da kaji dangin na mutane ne. A nemi shawarar ma'aikacin dabbobi kafin a yi allura, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. Kada mutum ya sha maganin dabba.

Ciwon da bai zo ba, ba ya buƙatar magani

Rigakafi ya fi magani. Yaron da ya kammala alluransa ya samu kariya daga ƙyanda, da tarin shiƙa, da wasu nau'o'in ciwon huhu da sanƙarau, kuma kowane ciwo da aka kauce masa, antibayotik ne aka tanada. Ku duba katin yaranku, idan ya ɓace a hanyar gudu ku zo a ba ku wani. Ku haihu a ɗakin haihuwa inda kayan yanke cibiya suke da tsabta. Ku ba jariri nono zalla har wata 6. Ku rufe jarkar ruwan sha, kada a tsoma hannu ko moɗa mai datti a ciki, a kuma zubar da kashin yara a masai. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga ban-ɗaki da kafin cin abinci yana yanke hanyar da ƙwayoyi masu bijirewa ke bi daga gida zuwa gida.

Daga ranar 18 zuwa 24 ga Nuwamba ta kowace shekara duniya na gudanar da makon wayar da kai a kan wannan matsala, amma mu a nan aikin na kullum ne. A namu ɓangaren, za mu duba majinyaci kafin mu rubuta magani, za mu yi muku bayanin dalilin da ya sa muka ba da shi ko muka hana, kuma za mu faɗa muku alamomin da za su sa ku dawo. Idan bayanin bai gamsar da ku ba, ku sake tambaya, ko ku nemi mai fassara. Duba mara lafiya da magani a asibitin sansani kyauta ne, kada ku ba kowa kuɗi. Mai ƙarin tambaya ya tuntuɓi wakilin lafiya na unguwarsa ko ya same mu a asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.